Irin Alayyahun da Bai Ƙosa Ba

Mu biyar ne a ɗakin ranar. Akwai ɗana na fari, wanda nake zaune a gidansa a unguwar Handsworth, shi ya kawo ni a mota daga Birmingham da safe. Akwai ƙanwarsa, 'yata, mai gidan da muka je a unguwar Cheetham Hill, a wani birni can arewa da mu. Akwai mijinta, wanda aikinsa lissafin kuɗin kamfanoni ne, mutumin da ba ya zama a kujera sai ya kaɗe ta ko da a gidansa ne. Akwai 'yarsu, jikata, wadda take karatu a jami'a, ta bar gidan ubanta ta kama ɗaki a unguwar Ardwick alhali gari ɗaya ne, ba ta dawowa sai don tuwo da wankin kaya. Sai ni. Matar ɗana tana wurin aikinta na kula da tsofaffi, ba ta zo ba. Lahadi ce cikin watan Satumba, mun iske su sun dawo daga sujada.

Na zo da takarda a cikin littafin waƙoƙin sujada. Ban iya karatu ba, ba a taɓa sa ni makaranta ba, amma ina riƙe littafin tun ina amarya, kuma ba shi da na biyu wurin ajiyar takarda. Mako uku tana ciki. Ban nuna wa ɗana ba, domin a wannan shekarar aka rufe wurin da yake aikin kula da matasa, ya koma ɗaukar kaya a wani sito kwana uku a mako. Shekarun da ake ta cewa a tsuke bakin aljihu ke nan. Ɗakin karatun unguwarmu ya koma buɗewa rabin mako, a majami'a aka ajiye kwali a bakin ƙofa ana tara gwangwanin abinci, kuma waɗanda suke ɗauka da yamma su ne waɗanda suke zubawa bara. Ina zaune a baya ina ganin kowa. Mutumin da yake cikin wannan hali ba a ƙara masa takarda.

Takardar a kan gonata ce. Turawa suna da sunan da suke kiran irin wurin, ni gayauna nake ce mata, domin ita ce. A ƙauyenmu kowace matar aure tana da 'yar gonarta ban da gandun gida, ta noma abin da ta ga dama, ta zuba a rumbunta, miji ba ya leƙawa. Da mijina ya rasu aka kawo ni ƙasar nan renon jikoki, jikokin suka girma suka daina bukatata, na zauna a bakin taga har ƙafafuna suka kumbura. Likita ya ce in riƙa tafiya. Ina zan je? Sai ɗana ya rubuta sunana a jerin masu neman fili a wani lambu da ke bayan layin dogo, aka yi shekara biyu kafin a ba ni. Taku ashirin ne tsawonta, faɗin bai kai haka ba. Ƙasar baƙa ce mai sanyi, kuɓewa ta ƙi ta, gero ya ƙi ta. Kabewa ta karɓa, wake ya karɓa, sai alayyahu mai jan kara, wanda na zo da irinsa a ƙulle a bakin zanina daga gayaunata ta gida. Kowace shekara nakan bar layi biyu ban tsinka ba, su yi kai, su ƙosa, in karkaɗe irin in ajiye na baɗi. Ba ni da wani abu na gida da yake da rai sai shi.

Filin na magadan wani attajiri ne da ya mutu tun kafin a haife ni. Da akwai tallafin da ake ba su na ruwa da shinge, aka yanke shi tare da sauran abubuwan da aka yanke, sai suka ninka mana kuɗin haya har sau uku. Mutanen lambun suka ce ba kuɗin suke so ba, so suke mu gaji mu tafi su sayar wa masu gina gidaje. Maƙwabcin gonata wani dattijo ne ɗan Jamaika da ya yi shekara da shekaru yana tuƙa bas. Shi ya fara gane alayyahuna, ya ce su ma suna ci a ƙasarsu, daga nan muka saba, da ɗan Turancina da hannuwa. Shi ya tara mu wata Asabar, ya hau kan akwatin katako yana dafa sanda, ya yi magana har jijiyar wuyansa ta tashi. Ban ji rabin abin da ya ce ba. Abin da na ji shi ne, kada kowa ya biya, kowa da kowa, har sai sun rage. Aka ce a ɗaga hannu. Na ɗaga nawa, kuma ban ɗaga shi a ɓoye ba. A raina na ce, ai ba abin da zai faru kafin kaka. Shuka tana tsaye.

Bayan an ci abinci na zaro takardar na miƙa wa surukina, na ce ya duba mini ranar da suka sa, don in san lokacin da za a fara kai ruwa rana. Ya goge tabarau, ya karanta gabanta, ya juya bayanta ya karanta, ya sake komawa.

“Mama, wa ya karanta miki wannan?”

“Maƙwabcina.”

“Ya karanta miki bayanta?”

Na ce ban san tana da baya ba. Sai ya faɗa mini a hankali, yana bin layin da yatsa, wai duk wanda bai biya ba zuwa Juma'ar nan mai zuwa za a canza kwaɗon ƙofa, a karɓe filinsa, abin da yake cikin ƙasa kuma a share.

“Shukata a tsaye take,” na ce.

“Takardar ba ta yi maganar shuka ba, Mama.”

Na sake faɗa masa, don na ɗauka bai gane ba, yaron birni ne. A wurinmu ba a korar mutum daga gona shukarsa tana tsaye. Ko jingina aka yi, ko aro ne, ko rigimar gado ce, mai gona yakan jira a girbe sannan ya zo da maganarsa. Na ga mugayen mutane a rayuwata, na ga wanda ya karɓe wa gwauruwa akuya, amma ban taɓa ganin wanda ya tuge dawar wani tana ɗanya ba. Wanda ya yi haka ba mai zuwa bikin 'yarsa. Na ɗauka wannan ba dokar ƙauyenmu ba ce, na ɗauka haka duniya take duk inda ake shuka. Da wannan na ɗaga hannu. Irin alayyahuna kuwa yana bukatar mako huɗu nan gaba, in sanyi bai riga shi ba.

Ɗana ya karɓi takardar ya karanta, fuskarsa ta ɓaci, don ya gane na ɓoye masa. Sai ya huce a kan surukina. Ya ce ga irin ƙasar da su surukina suke yabo. Lokacin da bankuna suka faɗi, kwana nawa aka yi kafin a buga musu kuɗi? Amma in aka zo kan ɗakin da yara suke fakewa daga titi, ko ruwan famfon lambun tsofaffi, sai a ce babu. Surukina ya ce ƙasa kamar gida ce, abin da aka ci sai an biya, kuma in buga kuɗi ne magani ai da mutanen gida sun fi kowa arziki, tunda kuɗin da ubansa ya sayi keke da shi yau ba ya sayen burodi. Ɗana ya ce masa yana da sauƙin faɗa ga wanda yake da aikin kwana biyar. 'Yata ta tashi tana tattara kwanuka da ƙarfi. Duk Lahadin da suka haɗu haka suke yi, rabi Hausa rabi Turanci, ba wanda ya taɓa canza wa wani ra'ayi.

Jikata tana zaune a ƙasa ta jingina da ƙafata, kwamfutarta a cinya. Sai ta yi dariya ta ce wannan faɗan nasu an riga an yi shi a Amurka shekara ɗari da ɗoriya da suka wuce, shi take rubutu a kai, kuma waɗancan sun fi su iya zagi. Ubanta ya ce ta yi shiru manya suna magana. Na ce a bar ta. Na ce ta faɗa mini da Hausa.

Hausarta kamar ƙafar wanda ya daɗe a kwance take, tana tafiya amma sai an riƙe ta. Uwarta tana jefo mata kalma daga ɗakin girki. Ta ce manoma ne, masu alkama da masara da auduga. Sun ci bashi sun sayi ƙasa da injin noma, suka noma da yawa, sai farashi ya yi ta faɗuwa shekara bayan shekara. Masu jirgin ƙasa su yanka musu kuɗin ɗaukar kaya yadda suka ga dama, tunda ba wata hanya. A wasu wuraren mai kanti yakan ba manomi abinci bashi, ya rubuta audugar da ba a ma shuka ba a matsayin tasa. Ta ce akwai shekarar da suka riƙa ƙona masara a murhu don jin ɗumi, domin ta fi gawayi araha.

“Turawa?” na ce.

“Turawa, Kaka. Da baƙaƙe ma.”

“Suna ƙona abinci.”

“Ba mai saya.”

Ban taɓa sanin Bature ya taɓa tsayawa a gaban ma'auni yana kallon hannun mai awo ba. Na ɗauka su a wancan gefen aka haife su.

Sai ta zo kan maganar kuɗin. Ta ce a lokacin kuɗin ƙasar an ɗaure shi da zinariya, ba a ƙara kuɗi sai in zinariya ta ƙaru. Mutane suna ƙaruwa, amfanin gona yana ƙaruwa, zinariya tana nan yadda take, sai kuɗi ya yi tsada, hatsi ya yi arha. Manoman suka ce a buga kuɗi da azurfa ma, tunda ita tana da yawa, kuɗi ya wadata, bashi ya yi sauƙi. Masu banki suka ce wannan sata ce, an ranci kuɗi mai nauyi za a biya da mara nauyi. Tana ta neman yadda za ta fahimtar da ni, tana zana abu a iska. Na ce ta tsaya, na faɗa mata yadda na gane.

“Mutum ya ranci kuɗin buhu goma. Da lokacin biya ya zo, sai ya sayar da buhu ashirin kafin ya haɗa kuɗin.”

Ta juyo ta dube ni. “Malaminmu sai da ya yi awa ɗaya a kan wannan.”

“Malaminku bai taɓa ɗaura buhu ba.”

Na san abin ne domin na gan shi. Ina da 'ya'ya biyu a lokacin. Gyaɗa ta yi kyau shekarar, mai awo ya zo da farashin da bai kai na bara ba, na bara kuma bai kai na bara waccan ba. Mazan ƙauye suka taru bayan sujada suka yi alkawari ba wanda zai kai ko tiya ɗaya ma'auni sai an ƙara. Mijina yana cikinsu, na ga hannunsa a sama. Amma mun ci dawar wani da damina, dami ɗaya a biya biyu da kaka, mai dawar kuma yana zuwa gaisuwa kullum da yamma, ya zauna ya daɗe. A rana ta biyar, gari bai gama wayewa ba, ina bayan rumbu na ga mijina ya ɗora wa jaki buhu biyu ya bi ta hanyar rafi, ba ta cikin gari ba. Ban kira shi ba. Kwana biyu bayan haka jakuna suka yi layi a gaban ma'auni, kowa yana kallon ƙasa. Farashi bai ƙaru ba. Bayan shekara biyu gandun ya tafi jingina duk da haka, bai dawo ba. Na zauna da mutumin nan shekara talatin bayan wannan, na yi masa tuwo, na yi jinyarsa, na rufe masa ido, ban taɓa ce masa na gan shi ba. Mutumin kirki ne. Amma ban manta ba, kuma ina jin ya sani. Abin da na riƙe kuma shi ne, wanda ya karɓi gandun sai da ya bari muka yanke dawar.

Ban faɗi wannan a ɗakin ba. 'Ya'yansa ne a zaune.

Jikata ta ɗaga hannu ta taɓa ɗan kunnena. Tana da wannan wasan da ni tun tana ƙarama. “To, tsohuwa, ke wane ɓangare kike? Zinariya ko azurfa?”

Na ce zinariya, ban ko yi tunani ba. Kowa a gidan ya san labarin gwangwanina. Shekara bakwai ina tara kuɗin takarda daga abin da gayaunata ta ba ni, ina binne shi a ƙarƙashin gado. Aka wayi gari aka ce an canza kuɗi, a kai tsoho banki cikin 'yan kwanaki. Banki yana tafiyar yini daga ƙauyenmu. Na je na kwana biyu a layi, aka rufe ƙofa da mutum ashirin a gabana. Na dawo da takardun na ajiye, har gara ta cinye. Daga nan duk abin da na samu akuya nake saya, da awakin suka yi yawa na sayar na sayi 'yan kunnen nan. Gwamnati ba ta iya tashi da safe ta ce zinariya ta mutu.

“Ashe ke ta masu banki ce,” in ji jikata. “Da kina can da manoman sun jefe ki da masara.”

Surukina ya yi dariya, har ɗana ya yi murmushi. Ni ban yi ba. Na ji haushi domin gaskiya ta faɗa. Kuɗin da ba ya lalacewa nake so in ajiye, kuma shi ne kuɗin da ya cinye gandunmu. Ban taɓa haɗa biyun wuri ɗaya ba sai ranar, a bakin yarinyar da ba ta iya bambanta kan alayyahu da ganyensa.

'Yata ta dawo ta zauna a hannun kujera. Ita ce mai saurin warware magana a cikin 'ya'yana. Ta ce ai ga magani nan a kunnena. Zinariya ta yi tsada a shekarun nan, kowane titi akwai shagon da ya manna takarda yana saye, ɗan kunne ɗaya zai biya hayar shekaru. Me nake jira da su? Surukina ya ce ba sai an kai ga haka ba. Ya zaro wayarsa ya ce lambar tana jikin takardar, zai biya yanzu daga inda yake zaune, in ya so in riƙa mayar masa a hankali, ko kada in mayar. Da kyakkyawar zuciya ya faɗa. Amma ban kai shekarun nan don in ci bashin mijin 'yata ba, na gaya masa haka, na gode masa.

“To ki sayar da ɗan kunnen, Mama,” in ji 'yata. “Mutanen nan ba danginki ba ne. Rabinsu za su biya a ɓoye, ki rubuta ki ajiye.”

“Na ɗaga hannu.”

“Kin ɗaga ne ba ki san abin da ke bayan takardar ba.”

“Su ba su san ban sani ba.”

Surukina ya ce ta waya ake biya, ba layi ake yi ba, ba wanda zai gani.

“Hanyar rafi ma ba wanda yake bi da asuba,” na ce.

Ba su gane ba. Ɗana ya ɗago ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya mai da idonsa kan takardar.

Na tambayi jikata yadda manoman suka ƙare. Ta ce sun haɗa kai, sun kafa ƙungiyoyi don su sayar da amfaninsu tare su sayi kaya tare, amma bankuna suka hana ƙungiyoyin rance, da yunwa ta matsa mutane suka koma wurin mai kanti ɗaya bayan ɗaya. Sai suka kafa jam'iyya. Suna zuwa taro da keken doki daga nesa, da mata da yara, a yini ana jawabi a rana. Sun ci wasu kujeru. Daga baya suka bi wani matashi mai zaƙin baki da wata babbar jam'iyya ta tsayar, wanda ya ɗauki maganar azurfa ya bar sauran kukansu. Aka yi zaɓe ya faɗi, jam'iyyarsu ta watse.

“Shi ke nan?”

Ta ce ba a daɗe ba aka tono zinariya mai yawa a wasu ƙasashe, kuɗi ya saki, farashin hatsi ya tashi da kansa. Wasu abubuwan da suka nema ma an yi su daga baya, wasu mutane ne suka yi.

“Waɗanda aka karɓe wa gona an mayar musu?”

“A'a, Kaka.”

“Waɗanda suka fara komawa wurin mai kanti fa, sun tsira da tasu?”

Ta duba kwamfutar, ta gungura, ta ce littattafan ba su bi su ɗaya ɗaya ba. Na ce na sani. Ba sai an rubuta mini ba.

Da la'asar muka kamo hanya. Ana yayyafi, abin goge gilashi yana kai da kawowa. Ɗana bai kunna rediyo ba. Mun yi nisa sannan ya ce da yana da shi da ya biya tun ranar da takardar ta zo, kuma bai ji daɗi ba da sai a gidan ƙanwarsa ya ji. Na ce na sani. Ya ce in sayar da ɗan kunnen, zai kai ni da kansa ranar Talata, ba ya aiki. Ya ce dattijon da ya tara mu yana da baki, amma masu filin suna da lauya, kuma ya ga irin wannan a wurin aikinsa, sun yi taro, sun ɗaga kwalaye, an ɗauke su hoto, aka rufe wurin a ranar da aka ce za a rufe. Ina jinsa ina kallon gonakin bakin hanya, manya manya, an girbe su tas, ba mutum ko ɗaya a ciki. Na cire 'yan kunnen na riƙe a tafin hannu. Ba su da nauyi. Awaki goma sha ɗaya ne a ciki, na san kowace da kamanninta.

Gaskiyar ɗana ce, na san ba za mu ci ba. Tun da surukina ya juya takardar na sani. Mutanen da za su iya rubuta cewa za a share abin da yake cikin ƙasa ba mutanen da kunya za ta tsayar ba ne. A wurin yanzu gidaje ne masu jan bulo, da wurin ajiye mota daidai inda kabewata take yaɗo, kuma waɗanda suka biya, shekara ɗaya kawai suka ƙara a kanmu. Amma ranar ban san wannan ba. Abin da na sani shi ne in na biya ina da gonata da irina, in ban biya ba ina da kwana huɗu.

Washegari na tashi kafin kowa. Na mayar da 'yan kunnen kunnena. Na ɗauki wuƙar girki da rigunan matashin kai guda biyu a madadin jaka, na hau bas. Ya bi ta gaban shagunan masu sayen zinariya, ba su buɗe ba tukuna, na ƙirga guda uku. Na sauka a bayan layin dogo na buɗe ƙofar lambu da makullina.

Raɓa ta jiƙa komai. Layi biyun suna tsaye sun kai ƙirjina, kawunan sun yi ja sun sunkuya. Na murza ɗaya a tafin hannu. Irin da ya ƙosa baƙi ne mai sheƙi, yana zubowa da kansa. Wannan sai da na matsa, abin da ya fito kuma yawancinsa fari ne mai laushi, baƙin ɗaiɗai ne. Na fara yanka daga na ƙasa, waɗanda suka riga fitowa, ina sa kawunan a cikin rigar matashi.

Na kai rabin layi na biyu sai na ji sandarsa a kan tsakuwa. Maƙwabcina ya tsaya a kan iyakarmu yana kallona. Shi ma manomi ne, ya san ba a yankan iri a wannan makon. Ya tambaye ni ko na biya. Na ce ban biya ba, ba kuma zan biya ba. Ya nuna jakar da sandarsa ya ce to wannan fa? Ya ce ba za su iya rufe mu duka a waje ba, in mutane suka ga ina kwashe kayana za su ce har tsohuwar nan ta karaya. Turancina bai kai nan ba. Na ɗaga hannuna sama kamar yadda na ɗaga ranar taro, na riƙe shi a nan har ya gani, sannan na sauke na ci gaba da yanka.

Daga baya ya tafi ɗan ɗakinsa na katako, na ɗauka fushi ya yi. Sai ya dawo da tsohuwar jarida, ya shimfiɗa a ƙasa a ƙarƙashin inda nake yanka don kada baƙaƙen su zube a banza. Ya koma gonarsa ya juya mini baya.

Na bar kawuna shida mafi ƙanana a tsaye, ko Juma'a za ta zo ta wuce. Kabewa ba ta yi ba, na bar ta. Na naɗe jaridar na sa a jaka, na kulle ƙofa, na hau bas da jakunkuna biyu a cinya. A gida na buɗe ɗan ɗakin da tukunyar ɗumama ruwa take, na kwashe tawul ɗin matar ɗana na ajiye gefe, na ɗaure kawunan uku uku da zare na rataye su kai a ƙasa ko irin zai ƙarasa ƙosawa a ɗumi, na shimfiɗa jaridar a ƙarƙashinsu, na rufe ƙofar.